Tsohon da Mantuwa ta Kama: Abin da ya Sauka Daga Kansa da Abin da ya Hau Kanmu

 

Ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na wannan karo a kan wata cuta ce wadda take cikin gidajenmu, a nan Kwaciri da Rijiyar Lemo da Kurna har cikin Fagge da Sabon Gari, amma har yanzu ba mu yarda mun kira ta cuta ba. Za ka ga dattijo wanda ya yi shekara 40 yana lissafin dilolin atamfa a Kantin Kwari da ka, ba biro ba takarda, yau ga shi ya kasa ba da canjin Naira 1,000. Ko ka ga Hajiya ta ci tuwonta yanzu-yanzu, an ɗauke kwano, sai ta fita tsakar gida tana cewa tun jiya surukarta ba ta ba ta abinci ba. Ko tsoho ya fito sallar azahar a masallacin da ya taimaka aka gina, ya kasa gane ƙofar gidansa. Mu sai mu ce gigin tsufa ne, ko mu ce ya koma yaro. Wasu kuma, wal'iyazu billahi, su ce sammu ne, ko iska, ko maita.

Likitoci suna kiran wannan hali dimenshiya, mu kuma za mu ce ciwon mantuwa, ko da yake bai tsaya a mantuwa kaɗai ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa sannu a hankali, sai tunani da lissafi da gane hanya da magana da hali su riƙa raguwa, har abin ya taɓa harkokin mutum na yau da kullum. Ka sani ya ɗan'uwa, tsufa daban, wannan daban. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbinsa ko makullinsa, can ya tuna. Mai wannan ciwo kuwa yakan kai ga ya riƙe makullin a hannu ya rasa abin da ake yi da shi. Da tsufa ne kawai yake kawo shi, da duk mai shekara 90 ya ruɗe, alhali kuwa mun san malamai da suka haura haka suna ba da karatu ba gargada.

Iri-iri ne. Mafi yawansa shi ne wanda ake kira da sunan wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya yi bayaninsa a 1906 bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan nau'i shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ciwon, kuma ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke ɗauke da ciwon mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin namu. Akwai kuma wanda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa take kawowa, watau ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan ya kamata ya dame mu ƙwarai, ganin yadda hawan jini ya cika gari mutane suna yawo da shi ba awo ba magani. Kada wani ya ce ai ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da na Indiyanafolis a Amurka suka fara bin dattawan garuruwan biyu shekara da shekaru, suka tarar ciwon yana kama Yarabawan Ibadan, sai dai bai kai yawan yadda yake kama baƙaƙen fatar Amurka ba. A Zariya ma an yi bincike wanda aka buga a 2011, aka samu kusan mutum 3 cikin kowane dattawa 100 suna da shi. To ka ƙirga dattawan layinku.

Alƙur'ani mai girma kuwa ya riga likitoci ambaton wannan hali. Ka duba Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, ka karanta abin da malaman tafsiri suka faɗa a kansu. A wuraren biyu an jingina abin ga hukuncin Allah a kan tsawon rai. Ba a ambaci maye ba, ba a ambaci kishiya ba.

Zargin maita da aljanu

Wajibi ne mu ɗan tsaya a nan, domin a nan ake yin ɓarna mafi girma. Masu wannan ciwo da yawa sukan fi rikicewa da yamma, daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. Likitoci sun san wannan sarai, gajiyar yini ce da raguwar haske da rikicewar lokacin barci suke haɗuwa. Amma da yake almuru ne, sai mutanen gida su ce ai ka gani, lokacin fitowar mutanen ɓoye ne. Akwai kuma wani nau'in ciwon wanda mai shi yakan ga mutane ko yara ƙanana a ɗaki alhali babu kowa. Shi ke nan sai a ɗauko mai hayaƙi, a rufe tsohuwa a ɗaki da turaren da yake sarƙe mai lafiya ma, ko a kawo wani mai tsawa da bulala wai yana fitar da aljani daga jikin mai shekara 80. Ruƙya ta shari'a, watau karatun Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, ba mai hana ta, ka yi wa mahaifinka safe da yamma da murya mai taushi, sau da yawa ma za ka ga ya natsu. Amma duka da ɗauri da hayaƙi zalunci ne ko da wane suna aka sa masa. Zuwa wajen boka kuwa, ka san hadisin da Muslim ya ruwaito a kan sallar kwana 40 ta wanda ya je ya tambaye shi.

Mafi muni shi ne idan tsohuwa ta ɓata, aka tsince ta da asuba a wata unguwa, ba ɗankwali, tana sambatu. Yara su taru, a ce mayya ce ta faɗo. A tambaye ta, ke ce kika kama wance? Ita kuma da ba ta san inda take ba sai ta ce e. A ce to ai ta amsa da bakinta! Subhanallahi. Alhali a shari'a iƙirarin wanda hankalinsa ya gushe ba a gina komai a kansa, ko da a gaban alƙali ne, balle a gaban 'yan tasha. Kuma ku san inda wannan zargi yake kai mutane: a 2023 an kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Wudil bisa zargin maita, a 2025 kuma Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa a kan haka. Samari ne aka fi samu a gaba-gaba a irin wannan taro. In ka ga an kewaye tsohuwa, kai ka zama wanda zai shiga tsakani, ka lulluɓe ta, ka kai ta gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda ko na Hisba, a yi cigiya.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne a je asibiti, kuma da wuri. Dalili kuwa, akwai cututtuka da suke kama da wannan ciwo amma ana warkewa daga gare su: ƙarancin sinadarin bitamin B12, da raunin aikin wani ƙullutu da yake a maƙogwaro, da ciwon damuwa mai tsanani, da taruwar jini a cikin kai bayan tsoho ya faɗi, da wasu magungunan barci. Tsohon da ya rikice dare ɗaya kuwa, jiya lafiya lau yau bai san kowa ba, wannan a gaggauta kai shi, domin sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko sukari ko ƙarancin ruwa a jiki. Muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa Dawanau ba abin kunya ba ne. In an tabbatar ciwon ne, gaskiyar magana har yau ba a sami maganin da yake warkar da shi ba. Akwai irin su donepezil da memantine da suke ɗan sassauta alamun ga wasu mutane na wani lokaci, likita ne zai rubuta. Duk mai mota da lasifika da ya ce maka yana da garin magani mai dawo da hankalin tsoho cikin kwana 7, kuɗinka yake so.

Darasi daga malaman hadisi

Yanzu likita ya faɗi sunan ciwon. Mene ne matsayin Baba daga yau? A nan ne mutanen kirki ma suke kuskure. Sai ka ga 'ya'ya sun taru, saboda tausayi, sun karɓe makullin shago, sun karɓe waya, sun hana shi masallaci, sun hana shi zaman zaure, an sa shi a ɗaki an kunna masa fanka. Kafin wata 6 mutumin da yake zuwa kasuwa da ƙafarsa ya zama ba ya iya ɗaura tazugen wandonsa. Sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Wani ɓangare ciwon ne, amma wani ɓangaren zaman kaɗaici ne da rashin abin yi.

Malaman hadisi sun fuskanci wannan mas'ala tun ƙarni na 2 na hijira, kuma sun ba ta babi na musamman, suna kiran abin ikhtilaɗi, watau mai ruwaya amintacce ya rikice a ƙarshen rayuwarsa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, ya ware masa fasali a littafinsa na ilmin hadisi. Cikin waɗanda abin ya sama akwai Aɗa'u ɗan Sa'ib na Kufa, da Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra, manyan mutane. To me malamai suka yi da su? Ba su tattara ilminsu sun zubar ba. Sun zauna sun tantance: wane ɗalibi ne ya ji daga gare shi kafin rikicewar, wane ne ya ji bayanta? Abin da irin su Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ɗauka daga Aɗa'u, da yake tun da wuri suka ji, aka karɓa. Abin da aka ji bayan ya rikice aka dakatar. Mutum ɗaya ne, amma an bi shi daki-daki.

Sannan ga Jariru ɗan Hazim, shi ma mutumin Basra, ya rasu a shekara ta 170. An ruwaito cewa da ya fara rikicewa, 'ya'yansa, waɗanda su ma ma'abota hadisi ne, suka kange shi daga masu ɗaukar ruwaya, saboda haka ba wanda ya ji hadisi daga gare shi a cikin wannan hali. Shi ya sa har yau hadisansa suna cikin Buhari da Muslim, sunansa bai sami tabo ba. Ka lura da abin da waɗannan 'ya'ya suka tsare: wurin da kuskuren mahaifinsu zai cuci jama'a ya kuma zubar masa da mutunci. Wannan shi ne ma'aunin da nake so ka riƙe. Ka duba abu ɗaya-ɗaya. Abin da kuskure a cikinsa zai halaka shi ko ya cuci wani, a karɓe shi da ladabi. Abin da har yanzu yake iyawa, ko da a hankali ne, ko da ba daidai-daidai ba, a bar masa kayansa.

Domin ciwon ba ya zuwa gaba ɗaya. Yakan ɗauki shekaru, kuma sabon abu shi yake fara gudu, tsohon abu ya daɗe. Shi ya sa za ka ga tsoho bai san abin da ya ci da safe ba, amma ka ja masa bakin sura ya kai ta ƙarshe, ya kuma ba ka labarin dalar gyaɗa da zamanin Sarki Sanusi na farko kamar jiya aka yi.

Ibadarsa

Asalin ɗora wa mutum hukunci shi ne hankali, kuma hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, wanda Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito, sananne ne. Saboda haka gwargwadon hankalin da ya rage, gwargwadon abin da yake kansa. A farkon ciwon yana nan mukallafi, sai dai zai riƙa kokwanton raka'a. A nan mazhabarmu ta Malikiyya tana da sauƙi, domin a cikin Risala an yi bayanin wanda kokwanto ya aure shi, watau yake zo masa kullum: ba zai bi kokwanton ba, zai wuce, ya yi sujada ba'adi. Mafi sauƙi ma ka kama hannunsa ku je jam'i, liman ya ɗauke masa rafkanuwa. Da wannan ka jefi tsuntsu biyu, ya sami salla, ya kuma sami tafiya da gaisawa da tsaransa. In ya yi azahar sau 3, kada ka tsaya gardama da shi. In ya yi alwala ya sake, ka bar shi, sai dai ka lura da santsi.

Idan abin ya yi nisa har bai san lokaci ba, bai san alƙibla ba, to salla ta sauka daga kansa, ba ramuwa, ba kuma wanda zai yi masa. Haka azumi. Ina roƙonku da Allah, kada a riƙa tilasta wa tsohon da bai san watan da ake ciki ba ya wuni da ƙishirwa a zafin Kano, wai don kada maƙwabta su ga ana kai masa abinci. Ƙarancin ruwa yana ƙara masa ruɗewa. Amma zakka daban take, domin ita hakki ce a kan dukiya. Malik da Shafi'i da Ahmad duk suna ganin ana fitar da ita daga dukiyar yaro da ta wanda ba shi da hankali, waliyyinsa ne zai fitar. Haka ciyar da matansa yana nan a cikin dukiyarsa. Saki kuwa, in ya furta shi cikin gushewar hankali, bai auku ba, kada a kori uwar gida da maganar da mai ita bai san ya yi ba.

Kasuwa, bashi da amana

Ga inda na fi so mu daɗe. Mutane da yawa suna roƙon likita kada ya gaya wa Baba abin da yake damunsa, wai kada hankalinsa ya tashi. Ni ina ganin wannan ba daidai ba ne in dai yana matakin farko, sai dai a zaɓi lokaci da lafazi. Ku dubi yadda kasuwancinmu yake. A Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari da Wapa, miliyoyi suna yawo a kan amana da baki kawai. Wane ya karɓi dila 5 sai bayan salla, wance ta ba da ajiyar kuɗin gadonta a juya mata, akwai filin da aka saya da sunan Alhaji amma na ƙaninsa ne da yake Kamaru. Duk wannan littafin yana cikin kan mutum ɗaya, kuma kan nan ne likita ya ce ya fara yoyo. In kun ɓoye masa, kun hana shi damar da ta rage masa ta sauke nauyin mutane da bakinsa tun yana iyawa. Ranar da zai kasa, masu gaskiya za su rasa hakkinsu, maƙaryata kuma za su zo da da'awar bashin da babu shi.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma a cikinta an yi tanadin waliyyi ga wanda bashi yake kansa in ya kasance mai rauni ne. Hadisin Ibnu Umar a kan gaggauta rubuta wasiyya yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Saboda haka a sami safiya, domin da safe suka fi natsuwa, a zauna da Baba da shaidu biyu adalai waɗanda ba magada ba, a rubuta wanda yake bi da wanda yake bin sa, da ajiyar mutane, da inda takardun gida da na shago suke. In yana da wasiyya ya yi, ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Ya faɗi da bakinsa wanda ya amince ya riƙe masa harkokinsa. In an sami takardar likita mai nuna halin da yake ciki a wannan lokaci a haɗa, domin gobe wani zai iya cewa ai lokacin ya riga ya ruɗe.

Kuma ina gargaɗin wanda zuciyarsa take raya masa wani abu. Akwai ɗan da yake lallaɓawa ɗakin mahaifinsa da takarda da tawada, a dangwala yatsan tsoho, gobe a ce ai Baba ya ba shi gidan kyauta. Kyautar wanda ba ya rarrabewa ɓatacciya ce, cinikinsa ɓatacce ne, kuma ko da lafiyarsa ƙalau, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya isa gargaɗi a kan fifita wani ɗa da kyauta. Akwai kuma masu cewa tunda ya ruɗe a raba gado kawai. Ba a gadon mai rai. Dukiyarsa tasa ce har ya koma ga Allah, a ci da shi, a yi masa magani da ita, ko da za ta ƙare ƙaf. In ya kai matsayin da ba zai iya riƙe ta ba, Suratun Nisa'i aya ta 5 ita ce asali, kuma a lura ayar ta haɗa riƙe dukiyar da ciyarwa da tufatarwa da kyakkyawar magana. In 'yan'uwa sun saɓa, a je kotun shari'a alƙali ya naɗa mai kula, shi kuma ya riƙa rubuta shige da fice.

To shagon fa? A bar shi ya riƙa zuwa. Wani ɗa ya raka shi, a shimfiɗa masa dardumarsa a inda ya saba, ya gaisa da abokan ciniki, ya taɓa yadi ya faɗi mai kyau da marar kyau, domin hannu ba ya saurin mantawa. Aljihun tebur da katin banki da tura kuɗi ta waya su ne za su koma hannun wanda aka amince da shi, tun ba yanzu da 'yan damfara suke bugo waya suna cewa daga banki ne a karanto musu lambobin sirri ba. Amma a bar masa 'yan kuɗi a aljihu. Mutumin da ya saba ba almajiri sadaka da hannunsa, ya saba miƙa wa jika na alewa, in ka mayar da aljihunsa fayau ka karya shi. In ya ɓatar da Naira 2,000 a mako, ka ɗauka kuɗin magani ne. Tuƙi kuwa ba sassauci a cikinsa. Daga ranar da ya fara ɓata hanya ko rikita birki da totur, mota da babur sun haramta gare shi a titin Katsina, domin ran wasu ne.

A gida da unguwa

Kada a sauya masa ɗaki, kada a riƙa jujjuya masa kaya. Buta a inda take, takalmi a inda yake, fitila a kunne a hanyar bayi da dare. Ga Hajiya kuma, kada a kore ta daga madafa gaba ɗaya, a bar mata tsinke zogale da gyaran wake da ɗanɗana miya, sai dai gas da wuta su zama da wani a kusa. A ɗinka 'yar takarda mai suna da unguwa da lambar wayar ɗa a cikin aljihun kowace riga. Sannan a daina ɓoyewa. A gaya wa liman da ladan da mai unguwa da mai shayin bakin layi da 'yan A Daidaita Sahun da suke tsayawa a nan, cewa Baba yana da larura, in an gan shi ya miƙe hanya shi kaɗai a tare shi da hira a kira mu. Unguwar da ta sani ta fi ƙofar da aka garƙame tsaro.

A duba masa ido da kunne. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda suke ƙara haɗarin wannan ciwo, ya ce kusan kashi 45 cikin 100 za a iya kauce musu ko a jinkirta su. A ciki akwai raunin ji da raunin gani da hawan jini da ciwon sukari da kaɗaici da rashin motsa jiki da shan taba da buguwar kai. Tsohon da yanar ido ta rufe shi, kunne kuma ya toshe, dole ruɗewarsa ta ninka, alhali aikin yana ba wuya a asibitocin ido da muke da su a Kano. Kai ma saurayi akwai rabonka a wannan lissafi: sigarin da kake zuƙa, da babur ɗin da kake tsula gudu da shi ba hular kwano.

Wajen magana, ka zo masa ta gaba, ka faɗi sunanka, ka yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ka riƙa yi masa jarrabawa a gaban baƙi, wai Baba wane ne wannan, kun gane shi? In ya tambaye ka abu sau 10, shi a wajensa karo na farko ne. In ya ce an sace masa kuɗi, kada ka hau rantsuwa, ka ce Baba bari mu duba tare, galibi suna ƙarƙashin katifa. In ya nemi mahaifiyarsa wadda ta rasu shekara 30 da suka wuce, ba sai ka yi masa ƙarya ba, ba kuma sai ka sabunta masa mutuwa kullum ba. Ka ce Baba kun tuna da Inna ke nan, Allah Ya jiƙanta da rahama, wane irin tuwo ta fi iyawa? Sai hira ta ɗauke shi. Suratul Isra'i aya ta 23 da ta 24 duk kun haddace su. Ku lura dai an ambaci tsufa a cikinsu ƙarara, domin a lokacin ne ƙosawa take zuwa.

Wa zai yi jinyar? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar masu wannan ciwo mata ne suke yi. A nan ma haka muke gani, ɗa ya leƙo da safe ya ce Baba ina kwana, ya ajiye kuɗin cefane ya fice, ya bar matarsa da ƙanwarsa da wankin fitsari da rashin barci. Matarka in ta yi, alheri ta yi, a gode mata, amma umarnin biyayya kai aka yi wa. Kuma wanka da tsarkin uba, ɗa namiji ya fi dacewa da su saboda al'aura, kamar yadda 'ya mace ta fi dacewa da na uwa. Ku raba kwana tsakaninku, a rubuta a manna a zaure, wanda yake Legas ko Abuja ya ɗauki kuɗin magani da na mai taimako. Wanda ya kwana biyu bai runtsa ba a karɓe shi ya je ya yi barci, domin yawancin tsawar da ake daka wa tsofaffi daga bakin wanda ya gaji take fitowa. Ranar asibiti kuma wanda ya fi zama da shi ne zai raka shi, da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, likita ya gani.